Daga Mando Zuwa Paris: Abin Da Tafiya Hutu Da Ƙananan Yara Ta Ƙunsa

Zuwa hutu Turai da iyali ya fara samun gindin zama a wasu gidajen Kaduna, musamman na 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da masu ɗan'uwa da ke karatu ko aiki a can. Mutanen unguwar Mando da ke Kaduna ba baƙin tafiya ba ne. Sansanin alhazan jihar a unguwarsu yake, ga tashar mota, ga hanyar filin jirgin sama ta ratsa ta wurinsu. Sai dai tafiyar da ido ya saba da ita ta Hajji da Umara ce, inda hukumar alhazai ko kamfanin jirgin yawo ke ɗaukar ɗawainiyar biza da masauki da mota. Magidancin da ya nufi birni kamar Paris da matarsa da yara uku kuwa, shi ne hukumar alhazan kansa. Mafi yawan aikin tun a gida ake gama shi, kuma ƙaramin cikin yaran shi ke yanke yadda komai zai gudana.

Takardu

Kowane yaro da fasfonsa, har jaririn da ke goye. Hukumar shige da fice tana neman lambar NIN ta yaron, da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, da wasiƙar amincewar iyaye, kuma fasfon yaro na shekara 5 ne. A nan ne gidaje da yawa ke fara cin karo da matsala, domin sunan da aka rubuta Muhammad a takardar haihuwa, a makaranta ya koma Mohammed, a NIN kuma Muhammadu. Harafi ɗaya yana iya cinye makonni. Haka batun ɗan riƙo: a al'ada ɗan wa ko ɗan ƙanwa ɗa ne, amma ofishin jakadanci yardar iyayen da suka haife shi yake nema a rubuce. Idan ma uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, sai an haɗa da takardar amincewar uba.

Faransa tana cikin yankin Schengen, wanda ya samo suna daga wani ƙauye a Luxembourg inda aka sa hannu kan yarjejeniyar buɗe iyakoki a 1985. Ƙasashe 29 ne a ciki tun farkon 2025, kuma biza guda tana ba da damar zagaya su na tsawon kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Birtaniya ba ta ciki, mai son leƙa Landan sai ya nemi tata daban. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kuma kyauta. Miji da mata da yara masu shekara 8 da 5 da jariri ke nan za su biya Yuro 225, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a Abuja ko Legas. Ba a mayar da kuɗin in an hana bizar, ga shi a 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema ba su samu ba.

Abin da jami'in biza ke dubawa shi ne ko iyalin suna da abin riƙe kansu, da kuma ko suna da dalilin dawowa gida. Shi ya sa ake neman bayanin asusun banki na watannin baya, da takardar wurin aiki ko rajistar kasuwanci, da wasiƙar makarantar yara, da shaidar masauki da tikitin dawowa. Kuɗin da aka aro aka zuba a asusu ana saura mako guda yakan jawo zargi maimakon ya taimaka. Dole ne kuma kowa ya sami inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun ana saura wata 6 a tashi. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai 45, don haka mai niyyar tafiya a dogon hutun Agusta tun watan Afrilu ko Mayu ya kamata ya fara.

Hanya da jirgi

Jiragen da ke zuwa Turai kai tsaye galibi daga Abuja ko Legas suke tashi. Daga Mando akan bi titin Nnamdi Azikiwe a kama hanyar Abuja, ko a je Rigasa a hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, mai tafiyar kilomita 186 zuwa tashar Idu a Abuja. Yawancin jiragen Turai da dare suke tashi ko da sassafe, don haka kwana guda a Abuja ya fi a kwaso yara da kaya ana tsere da agogo.

Daga Abuja zuwa Paris wajen awa 6 ne a sama. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuma galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, daga shekara 2 kuwa sai an saya masa kujera. Kukan da jarirai ke tsalawa lokacin sauka yana da dalili. Akwai wata siririyar kafa da ta haɗa cikin kunne da maƙogwaro, ita ke daidaita matsin iska a bayan dodon kunne. Ta yara ƙarama ce, tana saurin toshewa, balle in da mura. Haɗiya ke buɗe ta, shi ya sa ba jariri nono, ko ba babban yaro abin tsotsa, da zarar jirgi ya fara gangarowa yake kawo sauƙi. Dokar hana shiga jirgi da ruwan da ya wuce mililita 100 a mazubi ɗaya ba ta hau kan madara da abincin jariri ba, sai dai a fito da su a nuna wa masu bincike.

Guzuri

Bahaushe ba ya tafiya hannu rabbana, amma Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga waje shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun faɗa ciki, komai kyan naɗinsu, kuma in an gani kwandon shara za su. Madarar gari ta jarirai da ke rufe a gwangwaninta an yarda da ita har kilo 2. Garin kunu da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su cikin wannan hani, kuma sukan yi rana a daren da yaro ya kafe ya ƙi cin komai. Mai ɗauke da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa jami'an kwastam.

Agogo da yanayi

Ta fuskar agogo an yi sa'a. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Paris da na Kaduna ɗaya ne, sauran watanni kuma awa guda kacal Paris ke gaba. Tsawon yini ne ke rikita yara. A Kaduna, da ke kusa da tsakiyar duniya, magariba ba ta fita tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara. Paris ta yi arewa sosai, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a farkon Agusta wajen tara da rabi. Yaron da ya saba da zarar an idar da isha'i ya bingire, sai ga shi ƙarfe 9 yana nuna taga yana cewa ai gari bai yi duhu ba. Labule mai kauri da tsayar da lokacin kwanciya bisa agogo su ne maganinsa. A Disamba abin juyewa yake, kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi.

Sanyin can ma ba irin na hunturu ba ne. A Janairu zafin rana a Paris bai cika wuce digiri 7 ba, ga yayyafi, alhali a Kaduna ko a tsakiyar hunturu da wuya asuba ta sauka ƙasa da 10. Sa wa yaro riguna biyu ko uku marasa nauyi ya fi guda mai kauri, domin cikin gidaje da jirage akwai ɗumi, ana cirewa ana mayarwa. Lokacin zafi kuma bai kamata a raina shi ba: ranar 25 ga Yulin 2019 zafi ya kai digiri 42.6 a Paris, birnin da yawancin gidajensa ba su da na'urar sanyaya ɗaki.

Cikin gari

Ɗakunan otal ƙanana ne, kuma akwai ƙa'idar yawan mutanen da za su kwana a kowane ɗaki, ba a shimfiɗa tabarma a ƙara mutum. Iyali mai mutum 5 sau da yawa sai ɗaki biyu, shi ya sa hayar gida mai kicin ta fi sauƙi, ga damar dafa shinkafa da miya yadda yara suka saba.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, da ya fara aiki a 1900, shi ne ƙafar kowa. Yaro ƙasa da shekara 4 kyauta yake hawa, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi. Amma yawancin tashoshin tsofaffi ne, matakala ce hawa da sauka, mai keken tura jariri sai ya riƙa cicciɓarsa. A nan goyo da zani da majanyi ya fi keken Bature amfani. Motocin bas kuwa suna da wurin ajiye keken, kuma yara suna kallon gari ta taga.

Wurin kallo ba ya ƙarewa, ƙafar yaro ce ke ƙarewa. Hasumiyar Eiffel, da aka kammala a 1889, tsawonta mita 330 ne, kuma layinta a Agusta yana cin sa'o'i ga wanda bai sayi tikiti ta intanet ba. Gidan tarihi na Louvre kyauta ne ga wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya buɗewa ranar Talata, kuma ɗan shekara 5 da wuya ya jure fiye da awa guda a ciki. Abin da ya fi burge yara yakan fi arha: ƙananan kwale-kwalen da suke turawa da sanda a tafkin lambun Luxembourg, ko sashen yara na gidan kimiyya da ke La Villette, inda ake barinsu su taɓa komai. Disneyland Paris, da aka buɗe a 1992, yana da nisan kimanin kilomita 32 gabas da birnin, yini guda cur yake ci, kuma wasu lilunan sai yaro ya kai wani tsawo kafin a bar shi ya hau. Wuri ɗaya da safe, barcin rana, sannan filin wasa da yamma, shi ne tsarin da ke kai iyali ƙarshen mako lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abinci, ibada da doka

Abincin halal ba ya wuya a Paris saboda yawan Musulmin da suka fito daga Arewacin Afirka da Afirka ta Yamma. A unguwar Château Rouge ana samun doya da kuɓewa da manja da attarugu kamar a kasuwar Kawo ta Kaduna. Inda ake bukatar lura shi ne kanti: kalmomin porc da jambon da lardons duk naman alade suke nufi, kuma alawa mai danƙo da yara ke so sau da yawa da sinadarin jelatin na alade ake yin ta. Babban Masallacin Paris, da aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana daura da lambun Jardin des Plantes mai gidan namun daji, ana iya haɗa Juma'a da yawon yara a fita guda. Bayan gida kuwa babu buta, gorar ruwa a jaka ita ke rufa asiri.

Kowane gari da dokarsa. Tun 2011 Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, wanda ya shafi niƙabi, kuma tarar tana kai Yuro 150. Hijabin da ya bar fuska a buɗe babu mai hana shi a titi. A 2019 kuma ƙasar ta haramta wa iyaye dukan 'ya'yansu. Ranƙwashi ko marin da a Mando ba wanda zai waiwaya, a tashar jirgi a Paris yana iya sa wani ya kira 'yan sanda.

Lafiya

Kafin tashi akan duba katin rigakafin kowane yaro, musamman na ƙyanda, wadda har yanzu takan ɓulla a Turai, da katin rigakafin shawara. Yaro yana iya barin Kaduna da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini, ciwon bai tashi ba sai bayan kwanaki. Likitan can ba lallai tunaninsa ya je kan maleriya ba, don haka duk zazzaɓi a gaggauta gaya masa daga Najeriya aka zo. Mai sikila yana bukatar ganin likitansa tun kafin a sayi tikiti, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da doguwar tafiyar jirgi duk suna iya tayar da ciwon. Lambar neman agajin gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce. Katin da aka rubuta sunan masauki da lambar wayar uba, aka sa a aljihun yaro, yana taimakawa in cunkoso ya raba shi da iyayensa.

Lissafi

Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, tafiyar ta ninka tsada, kuma a 2025 Yuro guda ya wuce Naira 1,500. Tikitin jirgi da masauki su ne ke cinye kaso mafi tsoka, kuma dogon hutun makarantun Kaduna ya faɗo daidai watannin da Turawa da kansu ke hutu, lokacin da komai ya fi tsada. Yaron da bai kai shekara 3 ba da wuya ya tuna wani abu daga tafiyar, ɗan shekara 7 ko 8 kuwa zai dawo da labarin da zai daɗe yana ba abokansa. Iyalin da ƙaraminsu ke goye ba su yi asarar komai ba in sun jinkirta shekara biyu ko uku suna tari, domin a lokacin ne kuɗin da za a kashe zai zauna a kan yaran da aka kashe shi dominsu.