Gahawar Gabon: Daga Hannun Manomi Zuwa Mai Gasawa

Sanin kowa ne cewa a gidajenmu na Plaine Orety da teburan masu shayi, gahawar gwangwani da ake shigowa da ita daga waje muka fi sha. Alhali kuwa ƙananan manoma na shuka irin robusta a lardunan Haut-Ogooué, Ogooué-Ivindo da Woleu-Ntem, inda Hausawan Oyem da Bitam suka daɗe suna fatauci.

Me ya durƙusar da wannan noma? Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya kwashe matasa zuwa birni. A 1989 kuma tsarin ƙayyade cinikin gahawa na duniya ya rushe, farashi ya karye, ya sake faɗuwa warwas a 2001. Manomin da ya jira shekara uku zuwa huɗu kafin bishiya ta haihu sai ya ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Bayan wannan faɗuwa ne masu gasa gahawa a Amurka, irin su Intelligentsia ta birnin Chicago, suka riƙa zuwa gonaki da kansu, suna biya gwargwadon inganci ba tare da jerin dillalai ba. Sai dai arabika suka fi nema. Don haka robusta ba za ta shiga wannan kasuwa ba sai an tsinko jajayen 'ya'ya kaɗai, an shanya su bisa gado, nesa da ƙasa da danshi.

Kafin baƙi su zo, kasuwar farko mu ce. Mu tambayi 'yar gida a kantuna. 'Yan kasuwarmu kuma su ƙulla ciniki da manoma, su cika awo, su biya kan lokaci.