Ki Kai Shi Awo Tun Bai Kwanta Ba

 Wannan mako maganar awon yara za mu yi, gama na lura da yawanmu ba mu kai yaro asibiti sai ya kwanta, ya ƙi nono, ya ƙi kunu. Alhali kuwa ɗakin awo don masu lafiya aka buɗe shi.

Ga dalili. Tamowa ba ta yin sallama. Yaro yana wasa a tsakar gida yana ramewa a hankali, ke da kike ganinsa kullum ba ki lura ba, sai baƙuwa ta zo ta ce, "Wai me ya sami yaron nan?" Daga nan sai zargi, wannan ta ce maye ne, waccan ta ce kwanika uwar ta yi. A yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, kwanaki suna wucewa. Abin kuwa ƙarancin abinci mai gina jiki ne, sau da yawa zawo ko ƙyanda ko zazzaɓi ke buɗe masa ƙofa. Yakan fi tsanani da damina, wajen Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba.

In kin je, malamar asibiti za ta ɗauko wani siririn ma'auni mai launi uku, ta naɗa a dantsen yaron, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ana yi wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a kore, madalla. Rawaya, a yi hattara. Ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, ransa yana cikin haɗari. Sa'an nan za ta danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa. In wurin ya loɓa bai taso ba, to, kumburi ne, kada ki yi murna ki ce ƙiba ce.

A dā irin wannan yaro sai an kwantar da shi, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya makonni tana jinya, shi ya sa da yawa ba sa zuwa. A 1996 aka haɗa wani abinci a Faransa mai suna Plumpy'Nut. Abin mamaki, gyaɗarmu ce dai, aka gauraya da garin madara da sukari da mai da sinadarai. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa. A yunwar 2005 aka ga aikinsa a Maraɗi, inda dubban yara suka warke a ɗakunan iyayensu, a 2009 kuma aka fara wannan tsari a arewacin Nijeriya. Uwa takan zo sau ɗaya a mako, a auna yaro, a ba ta na kwana bakwai. Galibi cikin mako 6 zuwa 8 ya murmure. Wanda ya kasa ci, ko wani ciwo ya haɗu masa, shi ake kwantarwa.

To, ga inda nake da magana da ku. Wannan abinci magani ne, da nauyin yaron aka ƙidaya shi. Amma sai ki gan shi a faifai a kasuwa, ko an raba wa yayyensa, har wani maigidan ma yakan lasa! Na sani, uwa mai 'ya'ya biyar suna kallon bakin ƙaninsu suna kuka, hana su sai mai taurin zuciya. Duk da haka ki dama musu kunun gyaɗa, ki sa wake da zogale a tukunya, ki shiga ɗaki da maras lafiyan ki ba shi nasa, da ruwa mai tsabta a kusa.

Wani lokaci za ki je a ce ya ƙare. Kada ki yi fushi ki daina zuwa, gama awon da allurar rigakafin suna nan. Ki adana katinsa cikin kwalla, ki riƙa tafiya da shi. In kuwa maigida ne ya hana fita, ki karanta masa wannan shafi bayan ya ci tuwon dare, in ya ƙi ji ki roƙi mahaifiyarsa ta yi masa magana.