Saƙon Waya Ko Wasiƙar Imel? Bayani Ga 'Yan Kasuwar Birnin Zariya

Tun zamanin dā mai haja a Birnin Zariya ba ya rasa hanyar sanad da jama'a abin da ya kasa. Akwai 'yan talla, akwai dillalai masu shiga gida gida. Yanzu an sami ƙarin hanya biyu, watau gajeren saƙon waya, wanda a ke ce wa tes, da wasiƙar imel. Ga bambancinsu, domin kowa ya san inda zai sa kuɗinsa.

Saƙon waya

Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. Saƙon tes yana shiga kowace irin waya, kome ƙanƙantarta, ba ya kuwa bukatar intanet. Da ya iso waya za ta yi ƙara, galibi nan da nan a ke dubawa. Saboda haka ya dace da maganar gaggawa: maɗinki ya gaya wa mai riga an gama ɗinki kafin Salla, ko mai hatsi a kasuwar birni ya ce sabuwar masara ta iso.

Amma saƙon gajere ne, haruffa 160 kaɗai ya ke ɗauka, ba ya ɗaukar hoto. A lura kuma, in aka sa haruffa masu ƙugiya, watau ƙ da ɗ da ɓ, sai ya ragu zuwa 70, mutum ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku bai sani ba. Kowane saƙo da kuɗinsa, wanda ya aika wa mutum ɗari, na ɗari zai biya.

Wasiƙar imel

Imel ba shi da wannan ƙunci. Mai aikin babbar riga yana iya aika hoton aska takwas, da bayanin yadi, da takardar farashi, ga mai saye a Kano ko Ikko ko Ingila. Abin da aka rubuta yana nan ajiye, ya zama shaida in gardama ta tashi. Wanda ke neman ciniki da ma'aikatu da makarantu, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, lalle ya mallaki adireshin imel, gama al'adar ofis ce a nemi magana a rubuce.

Sai dai imel yana bukatar intanet, kuma mutane da yawa su kan kwana biyu ba su buɗe nasu ba. Wani lokaci ma wasiƙar talla ta kan faɗa akwatin tarkace, ba mai ganinta.

Abin da doka ta ce

Ba a shiga gidan mutum sai da sallama. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta shekarar 2023 ta ba mutum ikon hana a yi amfani da lambarsa ko adireshinsa a aika masa talla. Tun shekarar 2016 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ware lamba 2442, wadda mai waya zai aika wa kalmar STOP ya toshe saƙonnin talla. Wanda ya dami mutane, da hannunsa ya rufe ƙofar cinikinsa.

Wanne za a zaɓa?

Dubi mai sayenka tukuna. In maƙwabci ne na Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, aika masa tes, ka faɗi sunanka, da hajar, da farashi, da inda rumfarka ta ke. In na nesa ne, ko ma'aikata, rubuta imel. Ka tanadi littafi ka riƙa rubuta sunan wanda ya yarda a aika masa, wanda ya ce a daina kuwa, ka daina. Amana ita ce jarin ɗan kasuwa.