Binciken Osuntokun kan Gigin Tsufa da Matsayin Harshe a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe suna kiran ruɗewar da kan sami tsofaffi da sunan gigin tsufa, suna kuma ɗaukar ta a matsayin abin da shekaru kan kawo. Likitoci kuwa cuta suka ɗauke ta, wadda ke tauye ƙwaƙwalwa. Wannan maƙala za ta dubi gudummawar Farfesa Benjamin Osuntokun (1935-1995), masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Jami'ar Ibadan, da abin da aikinsa ya bar wa masana harshe.

2.0 Aikin Ibadan

A shekarar 1992 Osuntokun ya haɗa gwiwa da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana ta Amurka, suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da Baƙaƙen Amurka na birnin Indiyanafolis, 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 ne ke da cutar a Ibadan, alhali a Indiyanafolis an sami kashi 8.24. Wannan giɓi ya sa masana suka sake duban rawar da abinci da muhalli da yanayin zamantakewa ke takawa, ban da gādo.

Kwatancin ya yiwu ne saboda ma'aunin da aka yi amfani da shi, wato CSI-D, wanda aka tsara domin waɗanda ba su yi karatun boko ba. Ɓangarensa na farko tambayoyi ne ga tsohon kansa: ya faɗi sunan abin da aka nuna masa, ya lissafa dabbobi cikin minti ɗaya, ya kwatanta inda kasuwa take. Na biyu hira ce da wani makusancinsa. Daga baya ma'aunin ya bazu zuwa ƙasashe masu tasowa da dama.

3.0 Isowarsa Ƙasar Hausa

A 2011 Dakta A. J. Yusuf da abokan aikinsa suka buga binciken da suka gudanar a Zariya da wannan ma'auni, inda suka sami kashi 2.79, adadin da bai yi nisa da na Ibadan ba.

A nan ne lamarin ya shafi masana harshe, domin mafi yawan ma'aunin da magana aka gina shi. Tsohon da ke Sakwa ta ƙasar Katagum Guddiranci yake yi, ga kuma Fulfulde da Barbarci a maƙwabta. Idan aka tambaye shi da Daidaitacciyar Hausa ya yi jinkiri, mai tambaya na iya rubuta masa mantuwa. Haka nan lissafin lokaci: mai ƙirga kwanaki da watannin Musulunci da ranakun kasuwa, ko da damina da kaka da rani, ba lallai ya san Oktoba ba, alhali hankalinsa garau yake. Kuskure a nan kan jawo a liƙa wa lafiyayye cuta, ko a sallami mai buƙatar kulawa.

4.0 Kammalawa

An ga yadda aikin Osuntokun ya samar da hanyar auna ƙwaƙwalwa cikin harshen mai ita. Domin hanyar ta yi amfani a asibitoci irin na Azare, ya wajaba masana karin harshe da na fassara su zauna da likitoci, a tace kowace tambaya bisa Hausar da tsofaffin yankin suke ji.