Tsayin Ƙananan Baƙaƙe

Ku ɗauki rula ku ɗora ta bisa kalman nan, masara. Za ku ga baƙaƙenta shida kansu ɗaya, ba wanda ya ɗara wani. To, ku gwada da gyaɗa. Nan g da y sun zura ƙafa ƙasa, ɗ kuwa ya miƙa wuya sama, kamar karan dawa a tsakiyar gyaɗa a gonakin Kabo.

Tsayin nan na gajerun baƙaƙe, watau daga layin da suke zaune a kai zuwa bisa kansu, yana da suna wurin masu aikin ɗab'i. A Ingila da Amurka sukan kira shi tsayin x, domin x samansa da ƙasansa a daidaice suke, yana da sauƙin awo. Abin dariya, mu ba mu da x cikin abacada ta Hausa. Amma muna da z, shi ma ya isa ma'auni. Ba a awo da o, gama masu zana baƙaƙe sukan ɗan ƙara masa tsawo sama da ƙasa, don kada ido ya gan shi ƙarami.

In tsayin nan ya yi kaɗan, sai rubutu ya tsuke, yaro ya yi ta ƙura ido. Don haka akan buga littattafan ƙananan yara da baƙaƙe masu girman ciki. In kuma ya yi yawa, dogayen baƙaƙe ba su da wurin miƙewa, sai h ya yi kama da n. Ga shi kuwa raha dabam, rana dabam.

Mu Hausawa abin ya fi shafarmu, saboda ɓ, ɗ da ƙ. An fara aiki da su cikin shekarun 1930, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939, ta yaɗa su ko'ina. Lanƙwasarsu a can sama take. In ba a bar mata fili ba, ƙara sai ta koma kara, ɓari ya koma bari.

Dā da baƙaƙen dalma ake ɗab'i, yau da kwamfuta, amma awon bai sake ba. Ran da kuka bi hanyar Gwarzo, ku duba allunan kantuna, ku ga wane mai zane ne ya daidaita kawunan baƙaƙensa.