Wane Kifi Ke Iya Zama Da Wane A Dam Ɗin Gona?

Shekara biyu bayan an zuba kifi, mai dam ya kira masunta su ja taru. Tarun ya fito da nauyi, sai da ƙarti shida suka kama, amma da aka juye shi a gaɓa murna ta koma ciki. Karfasa ce zalla, dubbai, kowacce faɗinta bai wuce yatsu uku ba. Babu ta kaiwa kasuwa, babu wadda mai fatsa zai ɗaga ya nuna wa abokai. Masu ƙananan madatsun ruwa a gonakin Kano, Kaduna da Neja sun saba da irin wannan labari, kuma yawanci akan ɗora laifin a kan wanda ya sayar da irin. Alhali irin lafiyarsa ƙalau. An dai zuba kifi mai yawan haihuwa ne a ruwan da babu mai rage masa 'ya'ya.

Karfasa ita ce ginshiƙin kowane dam a ƙasar nan, don haka ya kamata a fahimci halinta. Abincinta ƙananan tsirran nan ne da ido ba ya gani, waɗanda ke mayar da ruwa kore, saboda haka ɗan kashin kaji ko takin shanu da zai haɓaka tsirran ya ishe ta. A ruwan da ke tsaye takan balaga tana da wata biyar zuwa shida, tun ba ta cika tafin hannu ba. Namiji ya haƙa ɗan gurbi a tudun ruwa, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fara iyo, da sun ga haɗari sai su koma bakin uwa. Wannan reno ne ya sa 'ya'yanta ke tsira da yawa, kuma idan ruwa na da ɗumi takan sake zuba wasu bayan 'yan makonni. Sanyin hunturu kaɗai ke ɗan taka mata birki. A kogi, manyan kifaye da tsuntsaye da ambaliya suna rage su. A dam ɗin da aka killace kuwa, jikoki da kakanni ke rububin abinci ɗaya, duk su tsumbure tare.

Maganin sananne ne: a sa mata mai cin ta. Tambayar ita ce wa.

Wanda ke fara zuwa ran kowa tarwaɗa ce, don ga ta a kowace kasuwa, ga juriya. Tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓon da zai kashe sauran kifaye. Tana cin ƙugiya da kusan kowane irin koto, daga tana har hanjin kaza. Sai dai a aikin farauta raggo ce. A wani gwaji da aka yi a tafkunan kiwo na Kongo Barazabil, wanda aka wallafa a 1996, an zuba karfasa kimanin 20,000 a kowace hekta, aka auna mafarauta nawa za su hana 'ya'yanta cika ruwan. Sai da aka sa manyan tarwaɗa fiye da 8,000 kafin aikin ya yiwu. Tufi kuwa, 700 da 'yan kai suka wadatar. Dalilin a fili yake: tarwaɗa mai ci-duk-abin-da-ta-samu ce, idan akwai dusa ko ƙwari a ƙasa ba za ta wahalar da kanta da bin ɗan kifi mai gudu ba.

Tufi, wannan mai kai kamar na maciji da ke laɓewa cikin ciyawa, bai samu darajar da ta dace da shi a wurin masu dam ba. Shi ma yana shaƙar iska, ba ya girman da zai haɗiye babbar karfasa, namansa fari ne mai ƙarancin ƙaya, kuma yana kai wa koto sura mai faranta ran mai fatsa. Matsalarsa ɗaya: masu ƙyanƙyasa ba su cika samar da shi ba, sai an nema a hannun masunta.

Amma wanda ya tare ruwa don nishaɗin kamun kifi ba tufi yake mafarki ba. Giwan ruwa yake so, irin wanda ake ɗagawa a Matan Fada lokacin bikin Argungu, inda a 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 75. Kifin namu ne, ɗan asalin Kwara da Binuwai da Tafkin Cadi, kuma yana iya doshin kilo 200. Zamansa ɗan gida bai sa ya dace da kowane ruwa ba. Na farko, ba ya jure ƙarancin iskar oksijin, don haka daren zafi guda a ruwa marar zurfi kan isa a wayi gari a gan shi ya taso ciki sama. Na biyu, bakinsa na girma tare da jikinsa. Wanda aka sa don ya tsince 'ya'yan karfasa, bayan shekara uku iyayen yake haɗiya. Abin da ya yi a Tafkin Biktoriya ya isa ishara: an kai shi can a shekarun 1950, ya mamaye ruwan a shekarun 1980, kuma ana ƙiyasta cewa kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace. Can baƙo ne, gaskiya, amma a dam mai hekta ɗaya karfasar gida ma ba ta da wurin gudu. Giwan ruwa na babban dam ne mai zurfi, a sa shi ƙalilan, a kuma riƙa fitar da wanda ya ƙasaita.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata a fara aunawa tun kafin a yi maganar iri. Mutane kan dubi dam a watan Satumba, ya cika ya batse, su yi lissafi a kan wannan. Ruwan watan Afrilu shi ne na gaskiya. A yankin Kano, rana da iska kaɗai na iya shanye kusan mita biyu na zurfin ruwa a shekara, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa, da na shanu, da na injin ban-ruwa. Dam ɗin da ke komawa iya gwiwa a bazara na masu shaƙar iska ne, wato tarwaɗa da tufi da bargi. Idan kuwa yana ƙafewa ƙarƙaf, gara a ɗauke shi a matsayin gonar damina: a zuba da farkon ruwa, a kwashe kafin zafi.

Bargi ya cancanci a tsaya a kansa. Yana kai mita guda a tsawo, yana da saurin girma, amma duk girman nan ƙananan halittu da ruɓaɓɓen ganye da 'ya'yan ciyawa yake tacewa daga ruwa da laka, ba ya taɓa 'ya'yan kowa. Da damina ta kankama, mace da namiji su share fili cikin ciyawar bakin ruwa, su gina zagayayyar sheƙa mai faɗin kusan mita, su yi gadin 'ya'yansu da ke yawo a dunƙule kamar baƙin girgije. Mai dam da ya nome ciyawar gaɓa tas ya hana shi haihuwa ke nan. Ya fi shiga raga fiye da cin ƙugiya, kuma gwanin tsalle ne, masu jan taru sun san shi. Ƙurungu shi ma abokin zama ne mai kyau. Ƙasa yake bi yana cin tsutsotsi da dodon koɗi, abin so a ƙasar da wasu ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ko da yake ba zai maye gurbin magani ba.

Tsage da haƙoransa na buɗaɗɗen ruwa ne, a ƙaramin dam ɓarna kawai zai yi, ya tsinke zare ya yaga raga. Ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, yana da tsada, musamman a ƙasar Yarbawa inda ake kai shi cikin kayan aure. A jikinsa ne Hans Lissmann na jami'ar Kembirij ya gano a shekarun 1950 cewa wasu kifaye na lalubo hanya da raunanniyar wutar lantarki. Amma mafarauci ne mai tsawon da ya haura mita ɗaya da rabi, hukuncinsa ɗaya da na giwan ruwa.

Akwai kuma kifin waje. An shigo da kifin da ake kira kaf gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950, kuma halinsa na tonon laka yana dama ruwa ya hana hasken rana shiga. Haka ma haɗin tarwaɗa da ramboshi da ake ƙyanƙyasa don kiwon tanki bai dace da dam ba. Dalilin shi ne dam ba tanki ba ne, a kan rafi yake. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ya malala, abin da ke ciki zai bi rafin ya shiga kogin da masunta dubbai ke ci daga gare shi, kuma babu mai iya dawo da shi. Ragar waya a mafitar ruwa tana ragewa, wata a mashiga kuma tana tare baƙin da ba a gayyata ba, amma tarwaɗa kan fito ta ja ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa cikin dare. Shi ya sa abin da ya fi aminci shi ne a zuba kifin da dama akwai shi a kogin yankin. Sarkin ruwan garin ya san su ɗaya bayan ɗaya, sannan akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, kusa da Kainji, ga mai neman shawarar ƙwararru.

Jerin shiga ma yana da muhimmanci. Karfasa da bargi ke fara shiga, bayan ruwa ya yi koren da idan aka zura hannu zuwa gwiwar hannu tafin ke ɓacewa. A bar su wata biyu ko uku har a fara ganin 'ya'ya a gaɓa, sannan a kawo mafarauta, ƙanana waɗanda bakinsu ba zai ɗauki iyayen ba. 'Ya'yan tarwaɗa a tabbata kansu ɗaya, don wadda ta ɗara sauran girma za ta cinye 'yan uwanta. A ɗauko su da sanyin safiya, a bar mazubin a cikin dam na ɗan lokaci har ɗumin ruwan biyu ya daidaita.

Daga nan aikin ya koma hannun mai fatsa, kuma a nan ne yawancin madatsai ke lalacewa. Ɗabi'ar mutum ce ya tafi da babbar tarwaɗa gida ya mayar da ƙaramar karfasa ruwa wai ta ƙara girma. A dam ɗin da aka haɗa iri, akasin haka ake so. Duk ƙaramar karfasar da ta shigo birgi a fitar da ita, a soya ko a shanya wa kaji. Tufi da matsakaiciyar tarwaɗa kuwa a mayar da kaso mai yawa. Mai dam ya ajiye littafi yana rubuta nauyin abin da aka kama kowane wata. Idan karfasa na ƙara yawa tana rage girma, mafarauta sun yi kaɗan. Idan an daina ganin 'ya'ya a gaɓa kuma tarwaɗar da ke fitowa ƙaton kai ce da siririn jiki, sun yi yawa, sai a kafa mamari a rage su kafin bazara ta matse ruwan.