Abin da Yunwa Ke Yi wa Hankali

A watan Nuwamba na 1944, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minnesota da ke Amurka. Mutane ne da aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, amma suka yarda a gwada yunwa a jikinsu, domin a gano yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya jefa cikin ƙarancin abinci.

Makonni 12 na farko an ciyar da su sosai, kimanin kalori 3,200 a rana, ana auna jikinsu da halayensu. Daga nan aka rage abincin zuwa kusan rabi har tsawon makonni 24. Dankali ne da kabeji da burodi da taliya, ga tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 35 kowane mako. A matsakaici, sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu.

Rama kam, dama an zaci haka. Halayensu ne suka ba da tsoro. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu ma haka. Wasu suka shiga tara littattafan girki suna karantawa da daddare. Wani zai tsinka miyarsa da ruwa don ta yi auki, ya daɗe yana kurɓa, ya kuma lashe faranti tas. Akwai mai tauna fakitin cingam 40 a rana, sai da aka sa masa iyaka. Fara'a ta ɗauke, fushi ya yi yawa, sha'awar mata ta mutu. Da aka kama wasu suna cin abinci a ɓoye, sai aka hana kowa fita shi kaɗai.

Ko da aka fara maido musu da abinci, damuwar ba ta yaye nan take ba. A lokacin ne ma ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari. Da aka sakar musu mara, wasu sun yi ta ci har su yi amai, amma ba su ji sun ƙoshi ba.

A 1950 aka wallafa sakamakon cikin juzu'i biyu. Ƙarfin binciken shi ne an san yadda mutanen suke tun kafin yunwa, an auna tunani tare da nauyi, an kuma bi su bayan an gama. Rauninsa kuwa a fili yake: maza ne zalla, matasa masu lafiya, kuma ƙa'idojin bincike na yau ba za su bari a maimaita shi ba.

Don haka in aka tallata maka tsarin rage ƙiba da sunan bincike ya tabbatar da shi, tambayi su wa aka gwada, na tsawon wane lokaci, kuma yaya suka kasance bayan shekara guda. In sikeli kaɗai aka duba, binciken bai cika ba.